Sunaye Huɗu a Bayan Kabad

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in soma wannan babi. Babin ƙuruciyata a Ƙofar Marke bai ba ni wahala ba, haka ma na yadda na gaji teburin turare da tasbaha na mahaifina a bakin Hubbare. Amma wannan, sau uku ina farawa ina yage takardar, kuma ko yagewar sai na tsaya na duba ko akwai sunan Allah a jiki kafin in san inda zan kai ta. Abin da ya riƙe ni tsoro ne, kada in faɗi abin da ban tabbatar ba a kan wadda take kabari, ba ta da bakin da za ta gyara mini. Abin da ya tura ni kuma lokaci ne da ya ƙure. Bashar da Saratu, 'ya'yana, kowannenku ya riƙe rabin labarin nan yana fushi da shi. Ga shi dukansa, yadda na san shi.

Duk wanda ya zauna da ni ya san halina. Ni mutum ne mai waswasi. Nakan yi alwala in kai ƙofar masallaci in komo in sake, don ban tuna ko ruwa ya taɓa gwiwar hannuna ba. Nakan kulle akwatin kayana in kai gida, in sake komawa Hubbare in taɓa kwaɗon. Mahaifiyarku Lubabatu, wadda kowa ke kira Luba, ita kaɗai ta iya da ni. 'Yar gidan malamai ce, ta fi ni karatun allo nesa ba kusa ba, kuma ba ta da tsoron abin da Allah bai ce a ji tsoro ba. In ta ga na fara kai da kawo a tsakar gida sai ta ce:

"Malam, zamna. Duniya ba ta zubewa don ka sha hura."

Abu ɗaya ta roƙe ni shekara da shekaru ban yi mata ba. Ta je barka gidan wata 'yar uwarta, ta tarar an yi wa ɗakin mai jego fenti ruwan hoda, irin mai ɗan ja-ja kamar cikin kankana kusa da ɓawo. Ta dawo tana ba da labarinsa kamar ta ga Makka. Ɗakinta a lokacin farar ƙasa ce kawai, ita ke shafawa da tsumma kowace salla.

"Malam, ɗakin ga nau, in Allah ya hore, ruwan hoda nika so."

Ni kuwa nan take na fara lissafin abin da zai iya biyo baya. Na ce mutane za su ce mun yi fariya. Na ce 'yan uwanta malamai za su shigo su ga launin da ba su saba gani ba. Na ce ko launin zai ɗauke wa mutum hankali in yana salla a ɗakin. Ta dube ni ta ce:

"To, tahi ka tambayo Liman in ruwan hoda na karya alwala."

Ban tambayo ba, ban kuma yi fentin ba. Kowace shekara sai in ce baɗi. Da ta gaji, sai ta sayo mayafi mai launin, ta yafa ta tsaya gabana.

"Tunda bango ya gagara, ni na zama bangon."

Da wannan mayafin take zuwa kowane biki har Allah ya karɓi abinsa, bayan ciwon da bai kai mako biyu ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Na rufe ɗakin, damina biyu ban bari kowa ya kwana ciki ba. Sai ga Saratu da cikin fari, za ta zo gida wanka, kuma babu ɗakin da ya dace da ita sai na uwarta. Ranar da na buɗe ƙofar na ga farar ƙasar ta yi dabbare-dabbare tana zuba, sai kunya ta kama ni ni kaɗai. Na ce abin da na hana ta tana raye, bari in yi wa 'yarta da jikanta.

Aka haɗa ni da wani mai fenti, Altine, dogo, bahago, mai wushirya da yawan dariya. Ya zo da wata takarda mai launuka jere kamar tallar atamfa, ya ce in zaɓa. Na ce ba na zaɓe, na ɗauko mayafin Luba na shimfiɗa masa. Ya buɗe bokitin farin fenti, yana ɗiga ja kaɗan-kaɗan yana juyawa da sanda, sai ya shafa tafin hannu ɗaya a bango mu jira ya bushe, don ya ce jiƙaƙƙen fenti maƙaryaci ne, sai ya bushe yake faɗin gaskiyar launinsa. Na farko ya yi fari da yawa. Na biyu ya yi kamar jan baki. Muka fita da mayafin rana, muka komo inuwa, na kara shi a bango, na ja baya, na matso. Sai da ya yi shafi bakwai. A na bakwai ya ajiye sandar ya ce:

"Baba, ruwan hoda dai ruwan hoda na. Ba alƙibla muka biɗa ba."

Na bakwai ɗin ne ya dace, kuma har gobe ina cewa ya dace.

Muka fitar da gado da kwalla da tasoshi. Kabad ɗin kwanoninta ya fi ƙarfin fita, sai muka jawo shi tsakiyar ɗaki muka rufa masa buhu. Altine ya ciro wayarsa ya ɗauki hoton kowane bango, ya ce haka yake yi kafin ya fara da bayan ya gama, don ya nuna wa masu ba shi aiki. Ni ban ma kula ba, domin idona ya riga ya faɗa kan bangon da kabad ya rufe. Rubutu ne da fensir, da ajami, hannun Luba, layi huɗu, daidai tsayin mutum in yana zaune. Ajamina ba mai sauri ba ne. Na durƙusa na haɗa layin farko, na ga an rubuta Abdullahi. Na leƙa sauran na ga su ma sunaye ne, ban tsaya haɗa su ba. Na ɗauka yaran unguwa ne da take biya wa karatu da safe. Abin da ya cika mini kai ɗaya ne: a cikin Abdullahi akwai sunan Allah, ga shi za a bi ta kansa da burushi, ko a goge shi ya zuba ƙasa a taka.

"Baba, bar shi," in ji Altine. "Shafi biyu za ni yi. Ko aljani ba shi ganinai."

Ban bar shi ba. Na aika aka sayo reza, na tara takarda a ƙasa, na kankare layin farko a hankali har sai da siminti ya fito. Sannan na ce wa kaina, in akwai wani Abdu a sauran fa? Na kankare su duka huɗun. Na naɗe garin a takardar, na haƙa rami a gindin darbejiyar tsakar gida na binne, na wanke hannu, na ji sanyi a raina kamar wanda ya yi aikin lada. Ku lura da wannan, don shi ne laifina. Da na ji maganar Altine, da rubutun yana nan kwance ƙarƙashin fenti yana jiran mai nema.

Ɗakin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Da hantsi in rana ta shigo ta taga, har fuskar mutum sai ta yi haske. Na sa farin labule, na mayar da kabad wurinsa, na jera tasoshinta yadda take jerawa. Da Saratu ta shigo ta tsaya bakin ƙofa, ta dubi bango ta dubi ni, ta sa kuka, don ta san labarin mayafin. Ta haifi namiji. Ranar suna mata suka cika ɗakin suna ta santi, wasu na tambayar wa ya yi fentin. A cikin 'yan sunan akwai wata ƙawar Saratu ta makaranta, Usaina, daga Dundaye. A ranar Bashar ya fara ganinta, tana miƙa masa kwanon waina ya kai wa maza a zaure. Shi kuwa aikinsa gyaran injin ban-ruwa ne, dama rabin kwanakinsa a fadamar Dundaye yake yi. Ba a rufe shekara ba ya zo ya durƙusa ya ce mini ya ga matar aure. Na yi bincike irin nawa, wanda kun san ba ƙarami ba ne, ban samu abin ƙi ba. Mahaifinta Malam Jabbi manomi ne mai mutunci, mahaifiyarta Ige ta rasu tun suna ƙanana. Har ma na gane su, domin sun taɓa zama haya a lungunmu kafin su koma gida.

Sai na je in sanar da Gwaggo Tumba, ƙanwar mahaifina, wadda ita ce babbarmu da ta rage. Na same ta tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗakinta. Da na faɗi sunan gidan sai hannunta ya tsaya.

"Ɗiyar Ige? Ige mai tagwaye? Sanda, wace cikinsu?"

Na ce Usaina.

"To tsaya. Lokacin da Ige ta haihu, mamanta bai isa biyu ba. Luba na goyon Saratu, ta ɗauki guda tana ba ta mama har wata guda ko fi. Da idona nig gani."

Wanda bai sani ba ya sani: yarinyar da ta sha nonon mace ta zama 'yarta, ta zama 'yar uwar duk 'ya'yan da matar ta haifa, babu aure tsakaninsu har abada. Amma 'yar uwar yarinyar da ba ta sha ba, ita halal ce. In Hassana ce ta sha, Bashar ya auri Usaina lafiya. In Usaina ce, ƙanwarsa yake nema. Na ce:

"Gwaggo, don Allah wace ta sha?"

"Wadda ta fi kuka."

"Wace ta fi kukan?"

"Kai Sanda, shekara nawa? Jinjirai biyu kamar an tsaga kara. Ka tambayi Luba mana." Sai ta tuna, ta kama baki. Can ta ce, "Ai ta rubuta. Ubansu ya hore su, duk wadda ta ba ɗan wani mama ta rubuta. Luba ba ta wasa da wannan."

A kan hanyar komawa gida abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Abdullahi ɗan ƙanena ne, wanda Luba ta shayar lokacin da uwarsa ta kwanta zazzaɓi, kuma na san da wannan sarai. Na kuma tuna wata safiya da daɗewa, ina tsaye bakin ƙofa ina kokawa da raina ko raka'a biyu na yi ko ɗaya, ta ce mini, "Malam, na rubuta bayan kabad, yadda Baba yac ce." Na ce mata to, to, ban tambayi me ta rubuta ba. Ta faɗa mini. Ni ne ban ji ba.

Ba inda ban je ba. Na je Dundaye wurin Malam Jabbi, ya ce shi a lokacin kullum yana gona, ya san dai an taimaki Ige da goyo, amma sha'anin mata ne. Ungozomar da ta karɓi haihuwar ta rasu. Wata tsohuwa ta ce Hassana ce ƙarama a jiki, ita aka kai. Wata ta ce a'a, ta farin ta fi ƙarfi, Usaina aka kai. Da na matsa musu sai kowace ta ce ita fa ji ta yi. Bashar ya jawo kabad ya sa wuƙa ya kankare fentin, faɗin tafin hannu biyu, bai samu komai ba sai siminti da sawun rezata. Ni kuma, abin kunya, na tona gindin darbejiya. Damina ta riga ta cinye takardar, ko da ma ba ta cinye ba, wa ke karanta gari?

Na kai maganar gaban limamin unguwarmu. Ya saurare ni har ƙarshe ya ce shaidar mace ɗaya ba ta tabbatar da shayarwa, balle wadda ba ta san ko wace ba, ya ce shari'a ba ta ɗora mini abin da ban sani ba.

"Sanda, ɗaura ma yaro aure. Waswasin ga naka ba addini ba ne."

Na fito da niyyar bin maganarsa, Allah shi ne shaida. Da Luba tana raye da ta tsare ƙofa ta ce in zauna. Amma ba ta nan, sai ƙafata ta kai ni wurin wani malami na biyu a Hubbare. Shi kuma ya ce in 'yar uwar mutum ta cakuɗe masa da wata, su biyu rak, ya rasa wace ce wace, to ya bar su duka, shi ya fi tsira. Ya ƙara da cewa ni da kaina na ga rubutun, ba zan ce ban san an yi shayarwar ba. Na komo gida da fatawa biyu, kuma kun san wadda mai irin zuciyata zai ɗauka.

Na kira Bashar zaure bayan la'asar na ce masa ba zan je neman auren nan ba sai an san sunan. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗaga mini ba. Ya ce:

"Baba, Inna ta yi nata, ta rubuta. Kai kag goge. Mi ya sa ni za ni ɗauka?"

Ya tashi ya fita. Ya kwashe kayansa ya koma wani ɗaki a bayan shagon gyaransu a Dundaye. Yakan zo ranar Juma'a ya gaishe ni a zaure, ba ya shiga cikin gida, don ya ce ba ya son ganin launin nan. Namiji ne, da ya so da ya sami wanda zai shige masa gaba. Bai yi ba, kuma Malam Jabbi ya ce tunda magana ta fito daga gidanmu, ba zai ba da 'yarsa ba sai na taka da ƙafata. Damina uku ke nan. Saratu ta ce mini a fuska na yanka ɗan uwanta na ba waswasi sadaka. Na kuma ji ana yaɗawa wai na ƙi yarinyar ne don 'yar manoma ce, mu kuwa mun haɗa jini da malaman birni. Wannan ƙarya ce, kuma ita ce babban abin da nake so ku cire daga ranku ko bayan ba ni. Ban taɓa ganin aibin Usaina ba. Ta taɓa zuwa teburina ita da wata ƙawarta, ta durƙusa har ƙasa a gaban mutane. Na rasa da wane suna zan amsa mata. Ita ce ta fitar da ni, ta ce:

"Baba, ko ɗiyarka ce ni ko sarakuwarka, gaisuwa dai ta kama ni."

Na ba ta tasbaha mafi kyau da nake da ita. Bayan ta tafi na kasa ba mai saye canji daidai har aka yi azahar.

Watan jiya Malam Jabbi ya aiko ƙanensa. Ya ce ba gori ba ne, amma Hassana tana ɗakinta da 'ya'ya biyu, Usaina kuwa tana zaune, ga masu nema yana ta korarsu. Ya ce zai jira ni har a gama yankan gero a kai amfani gida, daga nan zai ba wanda Allah ya nufa. Ban ga laifinsa ba. Geron kuwa ya riga ya fitar da kai, jiya na gani a hanyar Dundaye.

Saratu ce, duk da fushinta, ta tuna mini da hoton. Ta ce ranar da Altine ya zo ɗaukar tsaninsa ya nuna mata yadda ɗakin uwarta yake kafin fenti, kuma ta ga kabad a tsakiyar ɗaki. In haka ne, bangon nan yana ciki, da layukansa huɗu, tun kafin in sa reza. Na san waya tana lalacewa, na san ana sayarwa, na san fensir a kan farar ƙasa ba lalle ya fito ba. Duk na lissafa wannan fiye da yadda kowa zai lissafa mini. Lambarsa ta daina shiga. Masu sayar da fenti sun ce ya bar gari, wani ya ce Argungu, wani ya ce ya ƙetara Ƙonni.

Saboda haka ban jira littafin ya ƙare ba, na ba Saratu wannan babi ta sa a buga a waya ya zaga. Ina roƙon duk wanda ya karanta, don girman Allah, in ya san Altine mai fenti, dogo, bahago, mai wushirya, wanda ya yi aiki a Ƙofar Marke, ya gaya masa mai mayafi yana nemansa, zai gane. Haka duk matar da ta zauna lungunmu a shekarar da Ige ta haifi tagwaye, ta kuma ga da idonta wadda Luba ta sa a ƙirji, ba ji ta yi ba. A tambayi Sanda mai tasbaha a bakin Hubbare, ba na tashi sai magariba. Kada a tausaya mini a faɗi sunan da nake so a faɗa. In Hassana ce, a ranar zan hau mota zuwa Dundaye. In Usaina ce, ni zan gaya wa Bashar da bakina, in kuma je in gaida 'yata.

Wurin da Bashar ya kankare yana nan ban shafe ba, ko da yake akwai ragowar fenti a gwangwani. Na bar shi ne don in an sami sunan in mayar da shi wurinsa. Kuma ko da ba a san wannan sunan ba, in akwai wanda ya san sauran biyun da Luba ta shayar, ban da Abdullahi da 'yar Ige, ya taimaka ya faɗa, domin su ma suna can wani wuri sun isa aure, ba su san su 'ya'yan Luba ne ba.